Darasi na Tara: Kiwon Ƙananan Karnuka da Iyakar Ƙanƙanta

A ƙasar Hausa, wanda ya ajiye kare yakan ajiye shi ne don farauta, ko gadin gida da gona, ko tsaron garke. Aiki ake nema a wurinsa: ƙafa, da hanci, da murya. A Turai da Amurka da wasu ƙasashen Asiya kuwa, akwai wani rukunin karnuka da ba a neman komai a wurinsu sai zama kusa da mutum. Ƙanana ne ƙwarai, ana rungumar su, ana sa su cikin jaka a fita da su. A wannan darasi za mu ga yadda aka samo su, da abin da ke samun jikin kare idan aka matsa masa ya ƙanƙance fiye da ƙima, da kuma ƙa'idojin da masu kiwo na gaskiya suke bi.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Akwai dalili biyu. Na farko, waɗannan karnuka sun fara shigowa Legas da Abuja da Jos, ana tallarsu a Instagram da WhatsApp, kuma akwai matasan da suka mai da kiwonsu sana'a. Na biyu, duk wanda yake zaɓen namiji da macen dabba don barbara, tunkiya ce ko akuya ko kaza, ƙa'idar da za mu tattauna ta shafe shi. Hukuncin ajiye kare don ado da cinikinsa magana ce ta malamai, su za a tambaya. Mu a nan lafiyar dabbar muke dubawa, da haƙƙinta a kan wanda ya jawo ta duniya da gangan.

Yadda aka ƙanƙantar da kare

Duk karnukan duniya daga kyarkeci suka samo asali. Amma a yau akwai karen da ya wuce kilo 70, akwai wanda bai kai kilo 2 ba, kuma duk jinsi ɗaya ne. Hannun mutum ne ya yi wannan aiki. Idan karya ta haihu, sai a ware mafi ƙanƙanta cikin 'ya'yanta a haɗa shi da wata ƙarama, a sake yin haka ga jikoki da tattaɓa kunne, har girman ya riƙa raguwa. A shekarar 2007 wasu masana a Amurka, cikinsu har da Elaine Ostrander, suka wallafa bincike a mujallar Science da ya nuna cewa kusan duk ƙananan karnuka suna ɗauke da nau'i guda na wata ƙwayar gado da ake kira IGF1, wadda ke da hannu wajen sarrafa girman jiki. Akwai wasu ƙwayoyin gado kaɗan da ke taimaka mata. Da yake ƙwayoyin da ke riƙe da girman kare ba su da yawa, sauya shi ba ya ɗaukar dogon lokaci.

Tarihin karen Pomeraniya ya isa misali. Sunansa ya fito ne daga wani yanki a bakin tekun Baltik, tsakanin Jamus da Polan. Waɗanda Sarauniya Shalot ta kai Ingila a 1767 manya ne, an ƙiyasta nauyinsu tsakanin kilo 14 da 23. A 1888 jikarta, Sarauniya Biktoriya, ta dawo daga birnin Fulorans na Italiya da wani mai suna Marko wanda bai wuce kilo biyar da rabi ba. Da jama'a suka ga abin da sarauniya ke so, sai kowa ya koma neman ƙarami, masu kiwo kuma suka bi kasuwa. Yau Pomeraniya yana tsakanin kilo ɗaya da rabi zuwa uku.

Haka labarin karen Yoksha yake. A tsakiyar ƙarni na 19 ma'aikatan masaƙu da mahaƙan kwal a arewacin Ingila ne ke ajiye shi don kamun ɓera. Karen da ake ɗauka uban wannan iri, Ben na garin Hadasfil, wanda aka haifa a 1865, ya kai wajen kilo 5. Da irin karen ya bar masaƙa ya shiga falon masu kuɗi, sai aka rage shi. Shi kuwa Ciwawa, wanda ya fi kowane iri ƙanƙanta, sunan wata jiha ya ci a arewacin Meziko.

Ma'aunin da ƙungiyoyi suka ajiye

Akwai manyan ƙungiyoyi da ke rajistar karnuka, suna rubuta siffar da kowane iri ya kamata ya kasance da ita. Ta Ingila, Kennel Club, an kafa ta a 1873. Ta Amurka, AKC, a 1884. Ta ƙasa da ƙasa, FCI, mai hedikwata a Beljiyam, a 1911. A ma'aunin AKC, Ciwawa ba zai wuce kilo 2.7 ba, Yoksha kuma kilo 3.2. FCI ta ce Ciwawa ya kasance tsakanin kilo 1 da 3, an fi son daga ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, wanda bai kai kilo 1 ba kuwa ba ya shiga gasa. Ku lura da wannan na ƙarshe, domin shi ne zuciyar darasinmu: an sa iyaka ta ƙasa, ba ta sama kaɗai ba.

Kada a fahimce mu a karkace. Ƙaramin kare ba lallai ne ya zama marar lafiya ba. Hasali ma ƙananan karnuka sun fi manya tsawon rai. Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta fitar a 2022 ya gano cewa matsakaicin tsawon ran kare a Birtaniya shekara 11.2 ne, amma na Yoksha ya kai 12.5. Kare mai kilo uku da aka samu daga lafiyayyun iyaye zai iya yin shekara goma sha yana guje-gujensa. Matsala tana farawa ne idan aka ɗauki irin da tun asali yana bakin iyaka, aka ce sai an sake raba shi biyu.

Inda kasuwa ta ƙetare iyaka

Daga ƙarshen shekarun 1990, tallace-tallacen talabijin da finafinan Amurka da taurari irin su Paris Hilton, wadda ke yawo da Ciwawa a hannu, suka sa ƙananan karnuka suka zama abin yayi. Masu sayarwa suka fito da wani laƙabi, "tikof", wato karen da zai shiga kofin shayi, galibi wanda ko ya gama girma ba zai kai kilo 2 ba, wani ma ko kilo 1. Babu ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin nan uku da ta san wani iri mai wannan suna, kuma ƙungiyar masu kiwon Ciwawa ta Amurka ta fito fili ta ce dabarar talla ce kawai don a ƙara farashi. Kundin bajinta na Guinness ma ya ƙara wa abin armashi. A 2022 aka auna wata Ciwawa mai suna Pearl a jihar Fulorida, aka samu tsayinta santimita 9.14, nauyinta giram 553.

Yayi kuwa ba ya daɗewa. A ƙarshen 2009 gidajen ajiye karnukan da aka yasar a jihar Kalifoniya suka cika da Ciwawa, har aka riƙa ɗibarsu a jirgin sama ana kai su wasu jihohi neman masu riƙo.

Ta yaya ake samun irin wannan ɗan mitsitsin kare? Hanyar da aka fi bi ita ce haɗa tsumburarre da tsumburarriya, wato waɗanda suka fi kowa rauni a cikin haihuwarsu. Wasu kan haɗa uba da 'yarsa ko wa da ƙanwarsa don ƙanƙantar ta zauna. Wasu kan rage wa kwikwiyo abinci don kada ya girma kafin a sayar. Wasu kuma ƙarya suke yi kan shekaru, su kawo ɗan mako biyar su ce wata uku gare shi. Duk cikin hanyoyin nan babu wadda ta tambayi abu mafi muhimmanci, wato me ya sa wannan kwikwiyo ya fi 'yan uwansa ƙanƙanta. Sau da yawa amsar ita ce, ciwo ne ya hana shi girma.

Abin da ƙanƙanta ke yi wa jiki

Wanda ya taɓa kiwon kajin gidan gona na nama ya san yadda kaza ke kai kilo biyu cikin mako shida ko bakwai, sannan ƙafafunta su kasa ɗaukarta. An ja siffa guda ɗaya da ƙarfi, sauran jiki bai biyo ba. Abin da ke samun ɗan mitsitsin kare ke nan, sai dai shi ƙasa aka ja shi. Gaɓoɓin jiki ba sa raguwa daidai wa daida. Ƙashi yana raguwa da sauri, amma ƙwaƙwalwa da haƙora da idanu ba sa bin sa a wannan sauri.

Mu fara da sukarin jini, domin shi ya fi saurin kisa. Ƙaramin jiki yana zubar da ɗumi da wuri, saboda haka yana ƙona abinci da sauri don ya riƙe zafinsa, wanda a kare yake tsakanin digiri 38 da 39. Ga shi kuma hantarsa da tsokarsa, inda ake adana sukari, 'yan kaɗan ne. Idan irin wannan kwikwiyo ya tsallake abinci sau ɗaya, ko ya sha doguwar tafiya, ko sanyi ya kama shi, sai sukarin ya faɗi. Zai yi laushi, ya riƙa tangaɗi, jikinsa na rawa, daga nan sai jijjiga da suma. Taimakon gaggawa shi ne a shafa masa zuma ko ruwan sukari mai kauri a dasashi, a lulluɓe shi, a garzaya wurin likitan dabbobi. Kada a ɗura masa ruwa a baki yana sume, zai shiga huhu. Irin waɗannan 'yan kwikwiyo sai an ciyar da su duk bayan awa uku ko huɗu, abin da mai saye da yawa ba a gaya masa ba.

Sai kai. Ciwawa da yawa ana haifarsu da maɗiga a buɗe, wasu kuma ba ta rufewa har tsufa. Buɗaɗɗiyar maɗiga ita kaɗai ba ciwo ba ce, amma tana nufin akwai wurin da fata ce kawai ke tsakanin ƙwaƙwalwa da duniya, bugu kaɗan zai iya yin ɓarna. Abin da ya fi wannan muni shi ne taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, wadda ta fi yawa a ƙananan karnuka masu zagayayyen kai. Alamominta su ne kai ya yi tulluwa, idanu su karkata ƙasa da gefe, kare ya riƙa zagaye wuri ɗaya, ya kasa koyon komai, wani ya makance ko ya riƙa farfaɗiya. Abin baƙin ciki, babban kai da manyan idanu su ne ainihin abin da ke jan hankalin mai saye a hoto. Akwai kuma ciwon da ƙoƙon kai ke yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan, ta matsu ta baya, ruwa ya taru a cikin laka. Karen zai riƙa ihu idan an taɓa wuyansa, yana susar iska da ƙafa. An fi sanin wannan a wani ƙaramin iri da ake kira Kabaliya, amma ana samun sa a Ciwawa da Pomeraniya.

Hanta ma tana da nata. Jinin da ya kwaso abinci daga hanji dole ya bi ta hanta a tace shi. Wasu 'yan kwikwiyo ana haifarsu da wata jijiya da ke kewaye hantar, sai gubar da ya kamata a tace ta wuce kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Wani bincike na Jami'ar Tenesi a 2003 ya gano cewa haɗarin wannan ciwo a Yoksha ya ninka na sauran karnuka kusan sau 36. Babbar alamarsa ita ce rashin girma, sai kuma kare ya rikice bayan cin abinci, yana dalalar da miyau, yana dafa kansa a bango. Ku duba yadda abin yake: kwikwiyon da hantarsa ba ta aiki shi ne zai fi kowa ƙanƙanta, shi ne za a sa wa farashi mafi tsada, kuma idan ya rayu, shi ne marar tsoron Allah zai zaɓa don barbara.

Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, babban kare kuma 42, ko mai kilo 70 ne ko mai kilo ɗaya. A ƙaramin muƙamuƙi haƙoran kan cunkushe, na nono su ƙi faɗuwa bayan wata shida ko bakwai, abinci ya maƙale, dasashi ya ruɓe. Idan ruɓar ta ci ƙashi, muƙamuƙin kansa yana iya karyewa.

Maƙogwaron kare zobba ne na guringuntsi suke riƙe shi a buɗe. A Yoksha da Pomeraniya da Ciwawa zobban kan yi laushi su lotse, sai busasshen tari mai ƙara da wahalar numfashi, musamman cikin zafi ko idan kare ya yi ƙiba. Shi ya sa ba a ɗaura musu igiya a wuya, ɗamarar ƙirji ake sa musu.

Ƙafafu kuwa matsalarsu biyu ce. Ƙoƙon gwiwa yana zamewa daga gurbinsa, kare yana cikin gudu sai ya ɗage ƙafar baya ya yi ɗingishi, can ya sauke. Likitoci sun kasa wannan mataki huɗu, daga wanda ke komawa da kansa zuwa wanda ba ya komawa sai da tiyata, kuma gadonsa ake yi. Ta biyu ita ce karaya. Ƙasusuwan ƙafar gaba sirara ne, dirowa daga kujera ko suɓucewa daga hannun yaro ya isa ya karya su. Jini ba ya isa sosai zuwa ƙarshen wannan ƙashi, don haka ɗori da kara ko filasta sau da yawa ba ya kamawa, sai an sa ƙarfe. Gidan da ke da ƙananan yara bai dace da irin wannan kare ba.

Ko jinyarsu ma aiki ce. Jinin kare bai wuce mililita 80 zuwa 90 ba a kowane kilo, wato kare mai kilo ɗaya duk jinin jikinsa bai wuce cokalin cin abinci shida ba. A ƙasarmu, inda kaska da tsutsar ciki da cutar amai da gudawar jini ta 'yan kwikwiyo suka yi yawa, abin da babban kare zai jure kwana uku zai kashe wannan cikin dare ɗaya. Samun jijiyar da za a sa masa ruwa wahala ne, maganin barci na tiyata sai an auna shi da tsananin kula, kuskure kaɗan a ƙwayar magani ya zama guba. Kada a taɓa ba shi maganin ciwon jiki na mutane.

Nauyin da ke kan uwa

Karya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 63. Ƙananan iri ba sa haihuwa da yawa, ɗaya zuwa huɗu ne galibi, kuma idan 'ya'yan ba su da yawa sai kowanne ya yi girma a ciki. Ga babban kai, ga ƙaramin ƙugu. Binciken da aka yi a asibitocin gaggawa na dabbobi a Birtaniya, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa haɗarin tsayawar naƙuda a Ciwawa ya ninka na karyar da ba ta da tsantsar iri kimanin sau goma. Bayan haihuwa kuma, shayarwa kan zuƙe sinadarin kalsiyam daga jinin ƙaramar uwa, ta kama rawar jiki da sanƙarewa cikin makonnin farko, in ba a yi sauri ba ta mutu.

Masu kiwo na da sun san wannan. A ma'aunin Kennel Club na Pomeraniya, namiji kilo 1.8 zuwa 2 ake so, mace kuwa kilo 2 zuwa 2.5. An bar mace ta fi namiji girma, saɓanin yadda aka saba a sauran karnuka, domin ita ce za ta ɗauki ciki. Wanda ya ɗora wa karya mai kilo ɗaya ciki, ya san ran uwar yake caca da shi.

Abin da hukumomi suka yi

A watan Agusta 2008 BBC ta nuna wani shirin talabijin da ya tona irin cututtukan da kiwo don siffa ya jawo wa karnuka masu rajista. Abin ya tayar da ƙura har BBC ta daina nuna gasar Crufts, babbar gasar karnuka ta Birtaniya. A 2009 Kennel Club ta sake duba ma'aunanta, ta kuma daina rajistar 'ya'yan da aka samu tsakanin uba da 'ya, uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa. Daga 2012 ba ta rajistar fiye da haihuwa huɗu daga karya ɗaya, ko 'ya'yan wadda aka riga aka yi wa tiyatar haihuwa sau biyu. Ba ta kuma yarda a yi wa wadda ba ta cika shekara ɗaya ba barbara.

A Jamus, sashe na 11b na dokar kare dabbobi ya haramta kiwon da aka san zai gadar wa 'ya'ya ciwo ko wahala. A Ingila, daga 6 ga Afrilu 2020, doka ta hana dillalai da kantuna sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai a je wurin wanda ya kiwata shi ko gidan ajiye yasassun dabbobi. A watan Oktoba 2023 Kotun Ƙolin Nowe ta yanke hukuncin cewa ci gaba da hayayyafar karen Kabaliya ya saɓa wa dokar ƙasar, saboda cututtukan gadonsa sun yi yawa. Waɗannan matakai sun taimaka, amma yawancin masu sayar da 'yan mitsitsin karnuka ba sa cikin kowace ƙungiya, ta intanet suke ciniki, har daga ƙasa zuwa ƙasa. A nan ne doka ke gajiya, magana ta koma hannun mai kiwo da mai saye.

Mai kiwo na gaskiya

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ciwo ma haka yake bin jini. Saboda haka mai kiwo na gaskiya daga iyaye yake farawa. Kafin barbara yakan kai namiji da mace wurin likita a duba gwiwa da zuciya da ido da haƙori, a irin su Yoksha kuma a yi gwajin jini na aikin hanta. Yakan zaɓi uwa daga tsakiya ko saman ma'aunin irinta, kuma da yawa daga cikinsu ba sa yarda da wadda ba ta kai kilo 2 ba. Ba ya haɗa ta da namijin da ya fi ta girma sosai, ba ya haɗa dangi na kusa, yana kuma barin ta ta huta tsakanin haihuwa da haihuwa. Idan ciki ya haura kwana 50 yakan sa a ɗauki hoto a ƙirga 'ya'yan, ya kuma tanadi kuɗin tiyata da lambar likita tun kafin ranar naƙuda.

Ko a wurin irin wannan mutum, wani lokaci akan haifi ɗan ƙarami ainun. Bambancin yana ga abin da zai yi da shi. Zai sa a bincika lafiyarsa, ya ba wanda zai iya kula da shi, ya gaya masa gaskiya, ya sa a yi masa fiɗiya don kada ya yaɗu, kuma ba zai ƙara masa farashi ba. Yakan riƙe 'yan kwikwiyo wurin uwarsu har mako 12, ko da yake dokar Ingila mako 8 ta ce, domin ƙananan iri sun fi bukatar lokaci. Yana rubuta nauyin kowanne da ranar rigakafinsa. Idan wata uwa ta haifi mai ciwon hanta ko ruwa a kai, ba ya sake maimaita wannan haɗin, komai kuɗin da ya kawo.

A ganina, mai saye ya fi kowa ƙarfi a wannan lamari, domin ba wanda zai wahalar da kansa ya samar da abin da ba a saye. Kada a yi cinikin biri a sama. A je a ga kwikwiyon tare da uwarsa a inda aka haife shi, a nemi takardar rigakafi mai sa hannun likita, a tambayi nauyin iyaye. Wanda yake tallar ƙanƙanta kafin ya ambaci lafiya, a bar masa kayansa. Mutane da yawa sukan sayi raunannen kwikwiyo don tausayi, alhali kuɗin da suka bayar shi ne jarin da za a sake ɗora wa uwarsa wani cikin. Hadisin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne a cikinmu, kuma tausayin da ya koyar ya haɗa da kada a haifar da dabbar da aka san za ta rayu cikin ciwo.

Wanda ya riga ya mallaki ƙaramin kare a ƙasar nan, ya san asibitin dabbobi mafi kusa da shi tun kafin bukata ta taso. Akwai asibitocin koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Kada kuma ƙanƙantarsa ta sa a manta da allurar ciwon haukan kare tun yana wata uku, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, kusa da Jos, take samarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kuma cizon ƙaramin kare yana yaɗa shi yadda na babba ke yi.

Tambayoyi

1. Ku bayyana yadda nauyin karen Pomeraniya ya sauya daga 1767 zuwa yau. Me ya jawo haka?
2. Me ya sa sukarin jinin ƙaramin kwikwiyo ke saurin faɗuwa, kuma wane taimako za a ba shi kafin a isa asibiti?
3. Don me kwikwiyon da ya fi 'yan uwansa ƙanƙanta bai dace a zaɓe shi don barbara ba?
4. Me ya sa ma'aunin Kennel Club ya bar macen Pomeraniya ta fi namiji nauyi?
5. Maƙwabcinku ya ga hoton ɗan mitsitsin kare a waya, yana shirin tura kuɗi. Wace shawara za ku ba shi?

Aiki

Ku sami wani mai kiwon tumaki, awaki ko kaji a unguwarku, ku tambaye shi yadda yake zaɓen namijin barbara, da abin da yake yi don kada jini ɗaya ya yi ta juyawa a garkensa. Ku rubuta amsarsa cikin jimla biyar zuwa goma, ku zo da ita zama na gaba mu kwatanta da ƙa'idojin da muka karanta a wannan darasi.